Manhajata tana gudun haɗin V: ina matsalar take a lissafin tafiyar muryoyi?

Auwalu:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wata manhaja da za ta riƙa jera haɗin sauti ga muryoyi huɗu, soprano, alto, tena da bes, irin salon waƙoƙin koral na Bach. Kowane sauti na ba shi lamba daga 0 zuwa 11: C shi ne 0, C♯ 1, D 2, har zuwa B 11. Haɗin C babba ya zama 0, 4, 7 ke nan. Nisan haɗi biyu kuwa shi ne jimillar rabin-takin da muryoyi za su yi kafin su isa haɗi na gaba. Manhajar tana ɗaukar wanda ya fi kusa, amma ba ta koma wa wanda ta baro yanzu.

Ga abin da ke fitowa. Daga C babba sai ta tafi C ƙarami, A♭ babba, A♭ ƙarami, E babba, E ƙarami, ta dawo C babba, haka za ta yi ta zagaye. Ko sau ɗaya ba ta taɓa G babba ba, alhali shi ne haɗin V, wato wanda aka gina a kan sauti na biyar na gidan C, tsanin sautukan da ya fara daga C. Haka lambobin Rum suke ƙirga haɗi: I a kan sauti na farko, IV a kan na huɗu. Idan kuma na tilasta mata tafiya daga F babba zuwa G babba, sai ta ɗaga kowace murya taki ɗaya, wato rabin-taki 2, biyar ta bi bayan biyar: muryoyi biyu masu tazarar biyar, irin F da C, su koma wata tazarar biyar, G da D, abin da wannan salo ya hana. Sannan ba ta bambanta A♭ mai bakwai, wato A♭, C, E♭, G♭, da haɗin shida mai ƙari, wato A♭, C, E♭, F♯. Shin ma'aunin nisan ne bai yi ba, ko tsarin ne gaba ɗaya? Don Allah a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Garba:

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Manhajar ba ta ɓata lissafi ba, tambayar da ka yi mata ita ta amsa. Ka auna da hannu ka gani. Daga C babba zuwa E ƙarami murya ɗaya ce ke motsi, C ta sauka B, nisa 1. Zuwa C ƙarami ma 1. Zuwa A ƙarami 2, G ta hau A. Zuwa E babba 2, C ta sauka B, G ta hau G♯. Amma zuwa G babba 3 ne, C ta sauka B, E ta sauka D, haka ma zuwa F babba 3. To a ma'auninka E babba, wanda baƙo ne a gidan C, ya fi V da IV kusa. Babu yadda za a yi mai bin mafi kusa ya isa V.

Akwai abin da ya fi wannan girma. Nisa ba shi da gaba da baya: daga V zuwa I daidai yake da daga I zuwa V, daga IV zuwa V daidai yake da daga V zuwa IV. Jituwar sautin ƙarni na 18 kuwa tana da alkibla. IV zuwa V abu ne na kullum, V zuwa IV a kan tushensa, wato F a bes idan gidan C ne, kuma da wuya ka gan shi a koral, duk da cewa a kiɗan bulus da rok ya zama ruwan dare. Duk ma'aunin da ya ba tafiya da dawowa lamba ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan bambanci ba, komai gyaran da ka yi masa. Saboda haka ka raba aikin hawa biyu. Hawa na sama ya yanke wane haɗi ke bin wane: mazauni, wato I da wani lokaci vi (lamba da ƙananan haruffa, irin vi da ii, haɗi ƙarami ce), sai masu share fage, ii da IV, sai masu kora gida, V da vii°, sannan a koma mazauni. Hawa na ƙasa ne kawai zai yi amfani da nisa, don ya zaɓi yadda muryoyi za su bi tsakanin haɗi biyun da aka riga aka yanke.

Zagayen da manhajarka ta faɗa ciki sananne ne. Richard Cohn ya yi bayaninsa a 1996, kuma haɗi 24 na manya da ƙanana sun kasu zagaye huɗu irinsa, kowanne da haɗi shida. Yana fitowa ne daga maimaita sauyi biyu cikin uku da ake kira P, L da R. P tana mayar da C babba C ƙarami, L tana mayar da shi E ƙarami, R kuma A ƙarami. A kowanne, sauti biyu na nan daram, ɗaya ne ke motsi. P da L a jere suna ba da zagaye mai haɗi shida, P da R mai haɗi takwas, L da R kuwa suna ratsa duka 24 kafin su dawo. Tushen tunanin yana wajen Hugo Riemann, David Lewin ne ya sa shi a sigar lissafi a shekarun 1980, taswirar sautukan da ake zana shi a kai kuma tun 1739 Euler ya fitar da irinta. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai ga wasu wurare a kiɗan Schubert, Liszt da Wagner, inda haɗi ke zamewa zuwa haɗi ba tare da V ta ja ragama ba. Ga koral na Bach kuwa ba wurinsa ba ne. Kada kuma ka ɗauki yawan P, L, R a matsayin nisan muryoyi. C babba zuwa F babba sauyi biyu ne, R sannan L, amma rabin-taki 3. C babba zuwa F ƙarami sauyi uku ne, amma rabin-taki 2 kacal, E ta hau F, G ta hau A♭.

Batun F zuwa G kuma, ga inda gizo ke saƙar. Hanyoyi biyu ne suka yi kunnen doki. Ta farko kowa ya hau 2: F zuwa G, A zuwa B, C zuwa D, jimilla 6. Ta biyu kowa ya sauka: C zuwa B 1, A zuwa G 2, F zuwa D 3, ita ma 6. Manhajarka ta ɗauki wadda ta fara gani. Idan ma ka koma ma'aunin da ke ninka kowace lamba da kanta, ta farko za ta ba da 12, ta biyu 14, wato zai ƙara tura ka cikin laifin. Ta biyun ita ce daidai ga muryoyi uku na sama, bes kuma ta hau daga F zuwa G ita kaɗai, sama da ƙasa suna tafiya sabanin juna.

Wani abu da zai rage maka aiki: Dmitri Tymoczko ya nuna a 2006 cewa a ma'aunai irin waɗannan kullum akwai hanya mafi gajarta da muryoyi ba sa tsallake juna a cikinta. Don haka ka jera sautukan kowane haɗi daga ƙasa zuwa sama, ka riƙa juya na biyun. Gwaji 3 ne ga haɗi mai sauti uku maimakon 6, gwaji 4 ga mai huɗu maimakon 24.

Malama Hadiza:

Malam Garba ya gama da na farko da na biyu, bari in ɗauki na uku, domin shi ne zai ci gaba da damun ka a wurare da yawa. Lambobin 0 zuwa 11 suna shafe sunan sauti. F♯ da G♭ duk 6 ne, alhali aikinsu ya saba. A haɗin shida mai ƙari, A♭ tana sauka G, F♯ tana hawa G, an nufi V na gidan C. A haɗin A♭ mai bakwai kuwa G♭ sauka take yi zuwa F, an nufi D♭ babba. Mawallafan ƙarni na 19 da gangan suke amfani da wannan kama don sauya gida, su shiga da suna ɗaya su fita da ɗayan. Manhajar da ba ta riƙe suna ba ba za ta ga abin da ya faru ba.

Ka ajiye kowane sauti a kan layin biyar-biyar. C 0, G 1, D 2, A 3, E 4, B 5, F♯ 6, C♯ 7, ta ɗaya ɓangaren kuma F −1, B♭ −2, E♭ −3, A♭ −4, D♭ −5, G♭ −6. Tazara ita ce lambar sautin sama a ɗebe mata lambar sautin ƙasa. A♭ zuwa F♯ ta ba da 10, A♭ zuwa G♭ ta ba da −2, ka ga sun rabu. Ba ka yi asarar tsohon tsarinka ba: ka ninka lambar da 7, ka raba da 12, ragowar ita ce lambarka ta dā. Sau 7 na 10 shi ne 70, ragowa 10. Sau 7 na −2 shi ne −14, ragowa 10. Idan harafin kake so, ka ninka da 4 ka raba da 7, ragowa 0 C ce, 1 D, har 6 B. Ka kula da yadda harshen da kake rubutu da shi ke fitar da ragowar lamba mai ɗebewa. Python tana ba da 10 ga −14, amma C da Java −2 za su ba ka, sai ka ƙara 12.

Wannan layi shi ne zai kama maka taki mai ƙari a gidan ƙarami. A gidan C ƙarami, A♭ zuwa B rabin-taki 3 ne, daidai da uku ƙarama, manhajarka za ta bar shi ya wuce. A kan layi kuwa 9 ne, uku ƙarama −3 ce. Duk murya da ta yi tsallen da lambarsa ta kai 6 ko fiye, ko −6 ko ƙasa, tazara ce mai ƙari ko mai ragi, ka sa mata ido.

Ga yadda ake binciken biyar bayan biyar. A muryoyi huɗu akwai tagwaye shida, ka duba kowanne. Nan kana buƙatar ainihin tsayin sauti, lambar MIDI, inda C ta tsakiya take 60. Ka fara gano wace murya ce a sama a wannan lokacin, domin idan tena ta haye alto kuma ka cire yadda ka saba, biyar za ta fito maka a matsayin huɗu, laifin ya sulale. Idan tazarar farko da ta biyu duk biyar cikakkiya ce, ko duk takwas, irin C da C ta sama da ita, kuma muryoyin biyu sun motsa, laifi ne. Idan sun tsaya a kan sautukansu ba laifi. Idan ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, biyar ta koma sha biyu, shi ma a tsattsauran salo laifi ne. Biyar cikakkiya zuwa biyar mai ragi ana yarda da ita. Mai ragi zuwa cikakkiya ana ɗaga mata ƙafa a muryoyin sama, amma a guje ta idan bes na ciki.

Kada ka duba a kan bugu kaɗai. Duk inda wata murya ta soma sabon sauti, ko da na ratse ne, wato wanda ba ya cikin haɗin, an bi ta kansa ne kawai, ka yanka wurin ka gwada shi da yankan da ya gabace shi, sannan ka sake gwada bugu da bugu. Sautin ratse yana iya haifar da laifin da babu shi a ƙashin haɗin, kuma ba ya wanke wanda yake akwai. Idan da Python kake aiki, music21 da Michael Cuthbert ya jagoranci ginawa a MIT tana riƙe sunan sauti, tana da koral na Bach a cikinta, tana kuma da VoiceLeadingQuartet, sashen da ke duba tafiyar muryoyi biyu, da za ka gwada sakamakonka da nata.

Auwalu:

Na gode ƙwarai, Malam Garba da Malama Hadiza, Allah ya ƙara basira. Saura biyu. V mai bakwai sauti huɗu ne, I kuma uku, yaya ake haɗa su? Sannan ko da na ba ta jerin haɗin da kaina, wajen haɗi na bakwai ko na takwas muryoyin sama sukan gangaro su matse a kan bes, ta rasa hanyar da babu laifi.

Injiniya Bashir:

Malam Auwalu, matsewar daga zaɓen mafi sauƙi a kowane mataki take. Dokoki da yawa suna tura muryoyin sama ƙasa, IV zuwa V misali, bakwai ɗin haɗi ma, irin F a G, B, D, F, dole ta sauka. Mai duban gabansa kawai ba ya sanin cewa ya kamata ya ɗan yi tsalle sama tun a haɗi na uku don ya sami fili a na takwas. Maganin shi ne ka nemi hanya mafi araha ta jimlar gaba ɗaya da tsarin lissafin da ake kira Viterbi. Ga yadda yake aiki.

Da farko ka lissafo duk zaman da kowane haɗi zai iya yi. Iyakar muryoyi a lambar MIDI: soprano 60 zuwa 79, alto 55 zuwa 74, tena 48 zuwa 67, bes 40 zuwa 60. Soprano da alto kada su wuce 12 a tsakaninsu, alto da tena ma haka, tena da bes kuwa suna iya wucewa. Kada a ninka sautin jagora, wato na bakwai a tsanin gida, kada a ninka bakwai ɗin haɗi, kada a bar uku, irin E a haɗin C, E, G. Biyar ana iya barinta. Bayan wannan tacewa 'yan gomomi ne za su rage ga kowane haɗi. Sai ka bi jimlar daga hagu zuwa dama, ga kowane zama ka ajiye mafi ƙarancin kuɗin isowa gare shi da zaman da aka fito, a ƙarshe ka bi sawu baya. A ce zama 50 ne ga kowane haɗi, haɗi 16: gwaji 50 sau 50 sau 15, wato 37,500. Kwamfuta ba za ta ko ji shi ba.

Kuɗin kowace tafiya shi ne motsin muryoyi da tarar laifi. Ga inda za ka iya farawa, ka gyara da kunnenka: biyar bayan biyar da takwas bayan takwas a hana su sam. Sautin jagora a soprano da bai hau gida ba bayan V, maki 15, a alto ko tena kuwa 2 kawai. Bakwai ɗin haɗi da ba ta sauka taki ba, 15. Tsalle mai ƙari, 10. Murya ta wuce inda maƙwabciyarta ta tsaya a haɗin baya, 6. Soprano da bes su nufi gefe ɗaya su faɗa biyar ko takwas alhali soprano tsalle ta yi, 8. Motsin bes ka ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sauran, don tsallen huɗu da biyar aikinta ne. Soprano kuma idan ka caje ta kamar alto za ta zauna a sauti ɗaya ta ƙi tashi, sai ka ba manhajar karin waƙar tun farko, ko ka ci tarar maimaici.

V mai bakwai zuwa I ya warware kansa a wannan tsari, tunda muryoyi kake haɗawa, ba sautuka ba. Hanyoyi uku ne. G, B, D, F cikakke: bes ta je C, B ta hau C, D ta sauka C, F ta sauka E, a sami C uku da E ɗaya babu G. Ko a bar D tun farko a ninka G, sai G ta sama ta tsaya, I ya cika. Ko kuma, idan B tana alto ko tena, ta sauka G, wanda Bach yake yawan yi a sauka, wato wajen rufe jimlar kiɗa. Abin da ya sa na ce tararta 2 ke nan.

Gwajin da zai nuna maka ko tsarin ya zauna shi ne V zuwa VI a gidan C ƙarami. Ka fara da bes 43, tena 55, alto 62, soprano 71, wato G, G, D, B. Mafi gajarta ita ce kowa ya hau 1, jimilla 4, amma tena da bes sun yi takwas bayan takwas, alto da bes biyar bayan biyar. Idan muryoyin sama duka suka sauka, B za ta faɗa A♭, taki mai ƙari. Abin da ya rage: bes 44, tena 51, alto 60, soprano 72, wato A♭, E♭, C, C, jimilla 8, an ninka uku. Idan manhajarka ta fitar da wannan ba tare da ka rubuta mata dokar ninka uku ba, hawa na ƙasa ya yi.

Malama Hadiza:

Ƙari kan hawa na sama, don rukuni ukun da Malam Garba ya kawo mafari ne kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirga daga koral ɗin kansu sau nawa kowane haɗi ya bi wani, da lambar Rum da juyinsa, wato wane sautin haɗin ne a bes, jadawalin gidan babba daban, na ƙarami daban. Ka ƙara 'yar lamba kamar 0.1 a kowane gurbi, in ba haka ba duk abin da bai taɓa fitowa ba zai zama haram. Ka ɗauki logaridim ɗin kason, ka juya alamarsa, ya shiga Viterbi ɗin Injiniya a matsayin kuɗi. Juyi yana da muhimmanci: V zuwa IV mai uku a bes yana faruwa, kusan aikin vi yake yi.

Raunin wannan jadawali shi ne mantuwa, haɗi ɗaya kawai yake tunawa a baya. Ba ya sanin cewa V da aka tsaya a kai a tsakiyar waƙa yana jiran I da zai zo can gaba. Mai son kama wannan sai ya koma nahawu mai rassa, irin wanda Mark Steedman ya rubuta wa jaz a 1984 da wanda Martin Rohrmeier ya fitar a 2011: mai kora gida yana rataye a kan mazaunin da yake nufa, mai share fage a kan mai kora gida, kowane haɗi kuma yana iya samun V nasa a gabansa. Aikin feɗe jimla da wannan nahawu yana ƙaruwa da tsawon jimla sau kansa sau kansa, haɗi 40 ya kai 64,000 kafin a ninka da yawan dokoki, wanda ba wani abu ba ne. A ganina ka fara da jadawali, ka tilasta sauka a ƙarshen kowace jimla, nahawu ya biyo baya.

Ko wanne ka ɗauka, ka ware C, E, G mai G a bes da ke zuwa a bugu mai nauyi kafin V. Lambobi za su ce I ne, amma V ne da aka jinkirta: C za ta sauka B, E ta sauka D, bes na nan. Idan ka ƙirga shi a matsayin I, jadawalinka zai koyi cewa ii na yawan komawa I, ya lalace. Ka ba shi suna nasa. Shi ne ma ake sakawa tsakanin haɗin shida mai ƙari da V, don A♭ da E♭ kada su zame G da D a jere.

Kada yawan dokoki ya ruɗe ka. Tsarin CHORAL da Kemal Ebcioğlu ya gina a shekarun 1980 ya kai dokoki wajen 350. Hanyar tace su ita ce ka sa mai bincikenka ya bi koral 371 na Bach, ka ga dokar da ta fi cin sa tara. Wadda ta kama shi sau da yawa, ita ce za a sassauta. Za ka ga yana sakin jiki tsakanin ƙarshen jimla da farkon ta gaba, don haka ka rage tara a nan. Koral ɗin da ke kan tsofaffin tsanukan coci ka ajiye su gefe, lambar Rum ba ta zama a kansu sosai. Wajen raba na koyo da na gwaji kuma ka raba bisa karin waƙa, ba bisa lamba ba, domin akwai karin da Bach ya yi wa jituwa fiye da sau ɗaya a cikin tarin. Idan ɗaya ya faɗa na koyo ɗayan na gwaji, makin da za ka samu zai fi gaskiyar ƙarfin manhajar.